Famfon Zamzam

Ranar da aka ce jirgin alhazai ya sauka Sakkwato, Nafisa ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Surukarta, Inna Safinatu, tana tafe da galan guda na ruwan zamzam, ita kuwa cikinta wata takwas. Ba ta da buri sai ranar da ta haihu a ɗiga wa jaririn zamzam a baki kafin ya ɗanɗani komai. Amma ta san mutanen garinsu Shagari. Bara da maƙwabciyarsu ta dawo, kwana biyu galan ya yi, rabinsa ma ƙasa ta shanye wajen tsiyayawa cikin kofi.

A kasuwar Boɗinga ta ga maganin abin, a hanyarta ta dawowa daga awo. Wani ɗan famfo ne na roba da ake ɗaurawa a bakin galan, da siririn bututu da ke sauka ciki. Dannawa ɗaya, cokali ɗaya, ko ɗigo ba ya zuba. Sau uku ta sa mai kayan ya gwada mata, tana dariya ita kaɗai, sannan ta saya. A gida ta wanke shi tas, ta ɗinka wa galan riga da ragowar atamfa. Can kuma ta ɗauki reza, ta daɗe tana kallon bututun, ta rage masa tsawon yatsa biyu.

Washegarin isowar Inna, tsakar gida ya cika maƙil da mata 'yan barka. Nafisa ta ɗora galan a kan turmi, ta ɗaura famfo.

"Ke ɗiyag ga, mine ne wanga abu?" in ji Gwaggo Maryam, ƙanwar Inna da ta zo daga Horo Birni. "Zamzam ɗin za a auna muna kamar man gyaɗa?"

"Gwaggo, tara kofinki ki danna kansa."

Gwaggo ta danna. Ruwa ya fito tsil. Ta ja da baya tana salati, mata suka kwashe da dariya.

"Kai! Bari in ƙara, wancan gwaji ne!"

Nan fa aka yi layi. Wadda ta sha sai ta koma baya, wai na mijinta, wai na kakarta da ke kwance a Dingyaɗi. Tsofaffi na ture juna kamar yara. Nafisa ta ga abin da ba ta zata ba: ba ya zuba ƙasa kam, amma daɗin dannawa ya sa ana sha fiye da na bara. Tana murmushi, tana ta shafa cikinta.

Bayan la'asar, Gwaggo ta danna a karo na biyar, famfo ya yi fuus, iska kawai.

"Ya ƙare! Wayyo, mun shanye wa mai ciki!"

Aka yi ta ba Nafisa haƙuri, aka watse.

Inna ta tashi da nufin ɗauke galan. Tana ɗagawa ta ji ruwa ya motsa a ciki. Ta yaye rigar atamfa, ta ga zamzam kwance a ƙasa, yatsa biyu cif, bututu na reto a samansa. Ta juyo a hankali.

Nafisa ta durƙusa gwargwadon yadda ciki ya bar ta.

"Inna, ni na yanke shi. Na jikanki ne. Ki yi mini gafara."

Inna ta dubi bututun, ta dubi cikin, sai dariya ta kubce mata har da hawaye.

"Tashi kar ki haihu nan! Ni da nit tafi Makka ban yi wagga dabara ba." Ta cire famfon, ta murɗa marfin galan da ƙarfi. "Kai shi ƙarƙashin gadona. In Maryam ta tambaya, ki turo ta wurina."

Nafisa ta rungumi galan, ta nufi ɗakin Inna da sauri.