Kafin Dutsen Guga Ya Yi Zafi

Auta ta kwantar da takardar kuɗin a kan farin ƙyalle, ta haska ta da fitilar waya, don tun jiya babu wuta a unguwar. Daga gefe ta haska, yadda maigidan wannan shago na sayen tsofaffin kuɗi ya koya mata. Ta haka ne duk wani ninki yake tona kansa.

Gwaggonta na zaune a benci, ta rungume jaka. Kuɗin na marigayi mijinta ne, irin waɗanda aka daina karɓa tun kafin a haifi Auta, amma masu tara kayan tarihi suna sayensu da tsada. Da su take so a yi mata aikin ido.

"Kin ga sheƙi?" in ji Gwaggo. "Kamar yau aka buga su."

Sheƙin ne ya tayar wa Auta da hankali. Ta shafa. Takardar da ba a taɓa ba, tawadarta kan ɗan tasa, ta kama yatsa. Wannan kuwa sumul take kamar faranti. Layin ninkin yana nan, fari, danne shi kawai aka yi. Ta sunsuna, ta ji sitaci.

"Gwaggo... guga kika yi musu?"

"Ah to! In kawo wa mutane kaya a yamutse kamar daga bola? Har ruwa na yayyafa."

Maigida ya yi tari a bayan kanta, ya ci gaba da goge tabarau. Yau aikin nata ne.

"Gwaggo, masu saye da tsufanta suke son ta. Guga kashe ta take yi. Wadda aka goge ko rabin darajarta ba ta kaiwa."

"To ki rubuta sabuwa mana! Wa ya gani? Ni na goya ki fa, ke da majinarki."

Auta, wadda ko ido ba ta iya haɗawa da babba, ta ɗauki biro. Ta jawo ledar ajiya, ta rubuta a jiki: an goge.

"Ko na rubuta sabuwa, mai saye zai haska kamar yadda na haska, ya dawo mana da su. Su ke nan duka?"

"Ina fa! Masu yawan suna gida cikin gwangwani. Ina cikin yi aka ɗauke wuta. Na ce wa yayarki da an kawo wuta ta ƙarasa, ta danne su sosai."

Auta ta kira lambar Yaya. A kashe.

"Ba caji," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa.

Sai fankar sama ta yi ƙiii, ta fara juyawa. Ƙwan fitila ya kama. A waje wani ya kunna rediyo.

Su ukun suka ɗaga kai.

Auta ta miƙe, kujera ta faɗi, ba ta ɗaga ta ba. "Maigida, na fita. Kar kowa ya taɓa min teburi."

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe kina da murya."

Tana zura takalmi ta yi titi, ta ƙwala wa mai babur kiran da sai da tela na maƙwabta ya leƙo.

Gwaggo ta bi ta da idonta mai kyau ɗin, ta ɗaga hannu sama.

"Allah, yayar yarinyar nan ba ta taɓa yin aiki a kan lokaci ba. Kar ka sa ta fara yau."