Layin Dashen Ƙoda

A tsakiyar matakalar gidansa Cleophus ya tsaya, hannu dafe da ƙirji. Verlene, maƙwabciyarsa da ke kai shi wankin ƙoda, ta bugo ƙofar motarta ta nufo shi.

"Ɗan'uwa Cleophus, abin nan ne kuma?"

"Ƙwannafi ne. Wakenki na jiya."

"Waken da ko taɓawa ba ka yi ba? Tsofai-tsofai da kai kana ƙarya."

Ya zauna, sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ce, "Ki rufa mini asiri, 'yar'uwa. Kin san Lucius, mai kujerar kusa da tawa a wajen wankin ƙoda. Daga cewa ƙirjinsa na ciwo, suka ce kitsen jini ya toshe masa jijiyoyin zuciya, suka cire shi daga layin dashen ƙoda. Ni kuwa na kusa kaiwa gaba."

"To wa za a dasa wa ƙodar? Gawa?"

"Bakinki alekum, Verlene."

Ba ta yi shiru ba. Tana shiga gida ta kira asibitin, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya komai. Matar ta yi godiya, ta ce likitan zuciya zai gan shi wata mai zuwa.

"Wata mai zuwa? Mutumin ba ya iya hawa matakala!"

"Layi ne, Uwargida. Kowa jira yake."

Da labari ya kai wa Cleophus, sai ya daina shiga motarta. A coci ma ya sauya benci. In ta gaishe shi ta saman shinge, sai ya juya ya ci gaba da ba ganyen lambunsa ruwa.

A cikin ganyen ya faɗi ranar Asabar da hantsi, ruwa na ta kwarara gefensa. Bai sake tashi ba.

Wajen makoki ma'aikaciyar jinyar ta riƙo hannun Verlene, ta ce masu ciwon ƙoda galibi zuciya ce ke ɗauke su.

Verlene ta zare hannunta. "Ashe kun sani. Kuka yi shekaru kuna auna masa ruwan sha da kofi, ba ku duba zuciyar ba."

Da yamma 'yarsa Darnella ta roƙe ta su kwashe kayansa. A bayan ƙofar ɗaki suka tarar da ƙaramar jaka a ɗaure, tana jiran ranar da asibiti zai kira shi dashen ƙoda. Darnella ta zuge ta. Buroshin haƙori ne, da sababbin kayan barci, ko ledarsu bai yage ba.