Baƙon Kwana Talatin da Biyar

Aikin da kowa ya guje wa a ofishinmu na birnin Yogyakarta a kaina ya faɗo, don kawai na fita sayen shayi lokacin da ake rabo. Kamfaninmu yana da wata manhaja da masu rubuta manhajoji ke gwada aikinsu da ita kafin su sake shi ga jama'a, kuma tana da shafukan bayani ɗari huɗu da goma sha biyu. Shekara tara kowa yana raɗa wa fayil sunan da ya ga dama. Akwai "sabo", akwai "sabo-biyu", akwai "sabo-na-gaskiya". Pak Gunardi, shugaban sashenmu, ya ce in sake musu suna bisa tsari ɗaya, in bi kowane mahaɗi da ake latsawa a tafi wani shafin in gyara shi, in gama ranar Juma'a. Shafin da babu mahaɗin da ke kaiwa gare shi kuwa, in goge.

Ni Ratri ba ni da haƙuri, amma Allah ya yi ni da bin diddigi. Na tara irin waɗannan marayun shafuka guda ashirin da uku, kuma kafin in goge kowanne sai na leƙa rajistar da ke nuna masu buɗe shi. Ashirin da biyu ko sauro bai taɓa sauka a kansu ba. Na ƙarshen, mai suna "gwajin-lintang-1", gajeren bayani ne da Turanci a kan yadda ake girka wani tsohon samfurin manhajar da muka daina amfani da shi tuntuni. Amma yana da baƙo. Mutum ɗaya ne, da waya ɗaya, yana zuwa wajen ƙarfe shida na safe, ya yi kamar minti goma sha ɗaya ya tafi. Sau talatin da ɗaya a shekara ukun da rajistar ta riƙe, kullum ranar Talata, kuma tsakanin zuwa da zuwa kwana talatin da biyar cif.

Abin ya hana ni sakat. Shafin bai kai a yi minti biyu ana karanta shi ba. Na ce ko wata na'ura ce aka saita aka manta da ita, sai na juya allon kwamfutata na nuna wa Mas Harjo, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, yana cin soyayyen tempe, wainar waken soya, a kan takardun aiki kamar kullum. Ya dubi ranakun, ya tashi ya ciro kalandar bango, irin mai ƙananan sunaye a ƙarƙashin kowace rana, ya yi ta bin su da yatsansa mai maiƙo.

"Na'urarki ta san Kliwon ke nan," in ji shi. "Duka Talata Kliwon ne. Mbak Ratri, ke da kika girma a Klaten? Boko ya cinye ki."

Kunya ta kama ni. Kowane Bajawe, wato ɗan ƙabilarmu, ya san bayan makon kwana bakwai muna da makon kasuwa mai kwana biyar, wanda Kliwon ɗaya ce daga cikin ranakunsa, kuma ranar da aka haifi mutum a duka biyun tana zagayowa duk kwana talatin da biyar. Ita ce weton ɗinsa. A ranar iyaye mata ke dama kunun shinkafa kala biyu, fari da kuma ja mai sukarin kwakwa, su yi wa ɗansu addu'a. Mas Harjo ya tambaye ni tawa ranar, na yi ta kame-kame, ya yi dariya har ya ƙware.

Sai muka gangara ƙasan shafin. Akwai sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe, Lintang Prakoso, da kwanan wata, da ɗan hotonsa wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Mas Harjo ya daina dariya. Ya ce Lintang yaron kirki ne daga wani ƙauye a Gunungkidul, ya ajiye aiki shekara uku da suka wuce ya tafi Jakarta buɗe nasa kamfanin, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Lambarsa dai tana nan a wayar Mas Harjo.

Na kira Lintang da hutun rana. Ƙarar motoci ta cika wayar, ya ce in ɗan jira ya faka babur. Da na faɗa masa abin da na gani, ya tambaye ni wace rana baƙon ke zuwa. Daga baya ya ce mahaifiyarsa ce, Talata Kliwon kuma weton ɗinsa ce. Shafin shi ne abu na farko da ya rubuta da aka fitar da sunansa, ranar ya tura mata don murna, ƙanwarsa ta ajiye mata shi a fuskar waya. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Kamfanin nasa ya rushe cikin wata takwas, yanzu kaya yake kai wa mutane a babur, kuma ko barin ofishinmu bai faɗa mata ba. Shekara uku bai je gida ba, sai gajeren kira da Sallah ya ce aiki ya yi yawa. Ya roƙe ni kada in goge.

"Minti nawa kika ce tana yi?"

"Goma sha ɗaya. Kuma ba ta taɓa fashi ba, Mas Lintang." Raina ya ɓaci, ban iya riƙe bakina ba. "Shafin zan san yadda zan yi da shi. Amma hoton nan bai fi farce ba, kuma shi tsohuwa take ajiye wa kunu."

Ya yi godiya ya kashe.

Riƙe shafin ma ba wasa ba ne. In na sake masa suna, abin da ke wayarta ba zai ƙara buɗewa ba. In na juya tsohon adireshin zuwa sabo, zai buɗe, amma sunana da hotona za su hau ƙasansa, tun da ni ce zan zama wadda ta taɓa shi na ƙarshe. Dole a bar shi yadda yake, ga kuma Talata Kliwon mai zuwa saura kwana shida. Na je wa Pak Gunardi da shirin faɗa, har na tanadi maganganu. Ya saurare ni yana juya cokali a kofi, sannan ya ce doka ta ce a goge shafin da babu mahaɗi gare shi, bai ji inda ta hana a yi masa mahaɗi ba. Faɗan da na shirya ya tashi a banza.

Na maƙala ɗan mahaɗi a can ƙarshen shafin tsofaffin samfura. Manhajar tamu kuma, da yake aikinta ke nan, ta kama sunan fayil ɗin ta ce ya saɓa tsari, sai na sa shi cikin jerin waɗanda aka ɗauke wa doka. A gurbin dalili na rubuta: ana amfani da shi.

Ranar Talata ƙarfe shida saura na riga mai shara isa ofis. Na buɗe rajista na zauna. Shida ta wuce, bakwai ta wuce, babu kowa. Na gwada shafin a wayata ya fi sau goma, lafiya lau yake buɗewa. Da Mas Harjo ya iso ya ga fuskata, ya ce wataƙila wayarta ce ba caji, amma tempensa ya huce bai taɓa ba. Tsoro ya kama ni sosai, saboda matar da ban taɓa gani ba, ko sunanta ban sani ba.

Wajen ƙarfe goma saƙo ya shigo daga Lintang. Hoto ne: kwano biyu na kunu a kan tabarma, da hannun tsohuwa riƙe da wuyan hannunsa gam. A ƙasa ya rubuta: "Mbak, jirgin ƙasa na biyo jiya. Na fara yi mata bayani ta ce in sha kunu tukuna. Tun shekarar farko ta san na bar aikin. Turanci ne ba ta iyawa, amma tana karanta lamba, kuma kwanan watan da ke ƙarƙashin sunana bai taɓa canjawa ba."

Na miƙa wa Mas Harjo wayar, ya karanta, ya cire tabarau ya ce bari ya je ya duba injin buga takarda, wanda lafiyarsa ƙalau.

Ni kuma na fita baranda na kira mahaifiyata a Klaten, wadda rabona da ita tun ƙaramar Sallah. Na tambaye ta ko tana tuna weton ɗina. Ko numfashi ba ta ja ba.

"Asabar Wage, Nduk, ɗiyata. Saura kwana huɗu. Tun jiya na sayo sukarin kwakwa."