Ganyen da Malam Ya Wanke

Ni dai ban taɓa taka gonar tumatirin maigidana Malam ba. Tana can bakin kanal, ƙasan dam ɗin Watari, ni kuwa ina gida a ƙauyenmu na gefen Bagwai, da awakina da kaskon ƙuli-ƙulina. Duk abin da na sani game da gonar, a fuskarsa nake gani idan ya dawo da yamma. Hashimu sunansa, na faɗa sau ɗaya don ku san shi, ba zan ƙara ba.

Bara tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shigar masa gona. Kafin a ankara ganye ya yi fari ya ƙeƙashe, 'ya'yan duk sun huhhuje, ko kwando ɗaya na kirki bai kai kasuwa ba. Tun daga nan ya ɗauko wata magana da ta hana ni sakat: wai in bana ma aka maimaita, ya haƙura da noman rani, zai bi abokinsa Ja'afaru Fatakwal ya yi dako a kasuwa. Dako fa, mutumin da gwiwarsa ke ƙara in zai tashi daga sujada. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kwana biyu ba na amsa masa magana sai da ka. Bai tanka ba. Shirun Malam kuwa na san shi, ya riga ya gama yanke shawara.

Ana cikin haka, wata Asabar, aka kawo mana baƙuwa makarantar Islamiyyarmu ta matan aure. Malama Safara'u, malamar gona ce, doguwa, mai saurin magana. Ta ce duk wadda ke da babbar waya ta miƙo, za ta sa mata wata manhaja da ake ɗaukar hoton ganye, ta faɗi abin da ke damun shuka, da Hausa kuma, da murya. Ni bakina ba ya iya shiru, na ce, "Malama, tsakani da Allah, mutum ne a ciki ko aljani?"

Aka yi dariya. Ta tambayi sunana, na ce Rahmatu.

"Rahmatu, wa ya koya miki tsintar wake?"

"Innata."

"Yaya ta yi?"

"Zaunar da ni ta yi gaban faifai. Ta ce wannan mai kyau ne, wannan ƙwaro ya ci. In na yi kuskure ta dungure min kai."

"To haka aka yi wa wannan, ban da dungurin," in ji ta. "Hotunan ganye dubbai aka yi ta nuna mata, ana cewa wannan lafiyayye ne, wannan ga ciwonsa, har ta koyi bambantawa. Shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. A manyan injinan shinkafa ma akwai na'urar da ke duba ƙwaya tana fitar da baƙa. Amma ku ji ni da kyau, ba ta san gaibu ba. Abin da kika nuna mata shi take dubawa, kuma takan yi kuskure. In ta ce akwai matsala, ku kira ni."

Na dawo gida da murnata, na zayyana wa Malam komai. Ya juya wayar a hannunsa, ya ce, "Hoton ina yake zuwa?"

Na ce, "Oho. Cikin wayar mana."

Ya ce to, zai riƙa zuwa da ganyen. Wayar tawa ce, da kuɗin ƙuli na saye ta, kuma da ita masu sari ke nemana, don haka ban ma kawo a raina ya tafi da ita gona ba. Shi ma bai nema ba.

Haka muka fara. Bayan kwana biyu-biyu sai ya shigo da ganye a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Ganye kore shar, mai sheƙi, abin sha'awa. In shimfiɗa shi a kan faifai, in je gindin rumbu inda sabis ya fi ƙarfi, in ɗauka. Muryar ta ce, "Ban ga alamar cuta a wannan ganye ba." In ce alhamdu lillahi. Har gori na riƙa yi wa maƙwabciyata, ina cewa bana mu kam mun tsallake.

Sai dai Malam bai yi kama da wanda ya tsallake ba. Zafi ya fara shigowa, tumatir ya fara ɗaukar 'ya'ya, shi kuwa tuwo ya fara dawo min da shi rabi. In ya zauna a tabarma sai ya ƙura wa bango ido. Abin ya ishe ni, na ce, "Malam, wai mene ne? Waya ta ce lafiya lau, kai kana ta ɗaure fuska. Ko Fatakwal ɗin ce ke kiran ka ko da tumatir ya yi?"

Ya ce, "Babu komai, Rahmatu. Gajiya ce."

Awaki ne suka tona asirin. Kullum yakan taho musu da ciyawa a buhu daga bakin kanal. Wata safiya na shiga share turke, sai na tarar sun cinye ciyawar tas sun bar wani tarin ganye a gefe, ko shinshinawa ba sa yi. Na ɗauka na duba. Ganyen tumatir ne, duk jikinsa tabo-tabo fari, kamar an kankare shi ta ciki. Na ɗaga ɗaya a rana, sai ga wata 'yar ƙaramar tsutsa tana motsi a tsakanin fatar ganyen.

Ban tsaya neman faifai ba, a tafin hannuna na ɗauki hoton. Muryar nan da ta saba kwantar min da hankali ta ce alamun sun yi kama da na tsutsar da ke cin cikin ganyen tumatir, tana yaɗuwa da sauri, a duba sauran shukar yau, a kuma tuntuɓi malamin gona don a tabbatar.

Wallahi ranar ko ƙulin ban iya murzawa ba. Na tara ganyen a kwano, na rufe da faifai, na jira shi. Da ya dawo bayan la'asar na bari ya sha ruwa, don ni ma ina da tarbiyya. Sai ya zaro tsummansa ya miƙo min. Na buɗe, ga ganye kore, har da danshin ruwa. Na ajiye shi gefe, na turo masa kwanon na ɗage faifan.

"Wannan kuma na gonar wa?"

Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Malam, magana nake. Na gonar wa?"

"A bola na yi niyyar zubarwa a hanya," in ji shi a hankali. "Mantawa na yi da shi a buhun ciyawa."

"Wanda kake kawo min fa?"

"Daga can ƙarshen gona nake tsinkowa, inda tsutsar ba ta kai ba. In ɗauraye a kanal."

Na riƙe haɓa. "Ka ɗauraye? Don me?"

Sai ya ɗago, da gaskensa, har da ɗan fushi. "Haba Rahmatu, hoto ne fa. Ke in za a ɗauke ki hoto, da zanen aikinki kike tsayawa? Wa ya san inda yake zuwa? A kai shi ofis a Kano, a ce ga gonar wane, bara ta mutu, bana ma ga ta nan. Ni kullum ina tsince marasa kyan da sassafe kafin mutane su fito, ina feshi da maganin bara. Cewa na yi ko Allah zai sa ta tsaya, ba wanda ya ji."

Na so in yi masifa, na ma shirya ta tun safe. Amma da na ji wannan, sai tausayi ya kama ni. Mutum ya kwana da abu shi kaɗai, yana wanke ganye don kada a ga gazawarsa. Na ce, "Malam, wannan ba hoton biki ba ne. In ka je asibiti, ƙafar mai ciwo kake nuna wa likita ko mai lafiyar?"

Na danna lambar Malama Safara'u a gabansa, bai hana ni ba.

Allah ya saka wa matar nan da alheri. Washegari da hantsi ta sa aka kai ta gonar a babur. Da Malam ya dawo shi ya ba ni labari. Ta bi fangali-fangali tana ɗaga ganye, ta ce wayar ta faɗi daidai, sharon ce, amma ba ta gama gonar ba, in aka tashi tsaye za a ceci da yawa. Ta ce tsince ganyen da yake yi daidai ne, sai dai a riƙa binne shi, ba a zubar a bola ba. Ta ce maganin bara tsutsar ta saba da shi, ta faɗa masa wani, da yamma za a fesa. Ta nuna masa yadda ake ɗana tarko da roba da ruwan sabulu, a rataya wani ɗan abu mai jawo malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar. Ya tambaye ta maganar hoto, ta ce ba a rubuta sunan kowa a jikin ganye. Daga ƙarshe ta faɗi wadda ta fi masa nauyi: dole ya sanar da maƙwabtan gona, don abin tashi yake, in shi kaɗai ya yi magani aikin banza ne.

Na ga yadda ya yi ta jan ƙafa. Na ce, "In ba za ka faɗa musu ba, ni zan faɗa wa matansu, ka kuma san bakina." Ya tashi ya tafi.

Abin dariya abin takaici, da ya faɗa a bakin kanal, sai kowa ya fara soshe-soshen ƙeya. Ashe kusan duk layin nan haka ake ciki. Wannan na tsincewa da asuba ya cusa a aljihu, wancan na turawa ƙarƙashin ciyawa, in an haɗu a ce ya gona, a ce alhamdu lillahi. Manya-manyan magidanta da gemunsu.

Daga ranar wayata ta zama ta gari. Malam ya fita da ita da safe, sai yamma ta dawo min ba caji, duk jikinta taɓo. Masu sarin ƙuli suka yi ta nemana ba sa samu, na yi mita har na gaji. Amma yanzu a jikin shukar ake ɗaukar hoton, mafi munin ganyen ake nema. Wata rana ma wayar ta ce wa wani ganye tsutsa ce, Malama ta duba ta ce a'a, ƙunar magani ce, mai gonar ya cika hannu. Malam ya dawo yana ba ni labari yana dariya, wai ashe wayar ma tana shan dunguri. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Ba zan ce komai ya tsira ba. Gefen da tsutsar ta fara kamawa ya tafi, haka Malam ya tuge shi ya binne yana ƙwafa. Amma sauran ya tsaya, ya nuna ja wur. Ni da ban taɓa ganin gonar ba, a waya na fara ganin ta, don ya koyi ɗaukar hoto har ya wuce ganye. Na zauna gindin rumbu ina kallo ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Safara'u, na yi addu'a ga mutanen da ban sani ba, waɗanda suka zauna suka yi ta nuna wa na'ura ganye har ta gane.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don Malam bai taɓa buɗe baki ya ce ya fasa tafiya ba, ni kuma na ƙi tambaya. Ja'afaru ya zo gida ganin iyalinsa, na ji muryarsa a zaure sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar da zai koma, babbar mota ta zo ɗaukar tumatir zuwa Kudu, a ita zai bi. Malam ya fita tun safe, ya sa babbar riga a kan ta aiki, bai ce min komai ba. Na dafa abinci ban san me na zuba ba. Duk motar da ta yi ƙara a titi sai na tsaya da muciya a hannu.

Bayan azahar na ji sallama. Ya shigo yana ɗingisawa, rigar duk ruwan tumatir, ya zauna a bakin tabarma ya miƙe ƙafar.

"Motar ta tashi?" na ce.

"Ta tashi. Kwandunana na sama, Ja'afaru zai kula da su." Ya shafa gwiwarsa. "Ɗan lodin nan da na taya su ma ji yadda take yi min. Ɗumama min ruwa, Rahmatu, gobe akwai ban ruwa."

Na shiga madafa na hura wuta.