Mutum na Goma Sha Biyu

Azare ta cinye ƙauyen Malam Bappayo liman, ƙashi kawai ta bar masa. Tela ya tafi, mahauci ya bi shi, hatta mai shayi ya kwashe teburinsa, wai a can kuɗi suke kwana. Magidanta goma sha biyu cif suka rage a bayan liman. Malam kuwa ya fi kowa sani, Juma'a ba ta yiwuwa sai da mutum goma sha biyu; in ɗaya ya zame, ta tashi daga masallacin da kakansa ya gina.

To, sai liman ya koma ɗan sa ido. Ka sayar da akuya, ya ji. Ka hau babur zuwa Chinade, sai ka faɗi abin da ya kai ka. Ko tari ka cika yi, sai ya hau yi maka kallon mai neman asibitin birni.

Zarginsa ya tsaya a kan Babakura wanzami. Mutumin nan bazara ta yi nisa bai kai taki gonarsa ba, ga 'yarsa tana aure a Azare. Kai, don haushi har aski Malam ya daina zuwa wurinsa!

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Babakura ya koro jaki da mangalar taki, ya bar hanyar gonarsa ya nufi fadama. Malam ya sha gabansa.

"Wanzam, wa ka sayar wa taki? Guzurin tafiya ake haɗawa ko?"

"Wace tafiya, Allah gafarta Malam? Ni a nan za a binne ni. Gonata ce ta gaji, ta fadama zan noma bana."

Gona ɗaya ce a fadamar nan, Malam da kansa ya ba ɗansa Abdulsamad ita. Abdulsamad ladan, mutum ɗaya tak da bai taɓa zarga ba.

"Aro ya ba ni," in ji Babakura a hankali. "An samo masa shago a Azare kusa da tasha. Wallahi na ɗauka da saninka."

"Yaushe zai tafi?"

"Gobe, in an sauko daga masallaci."

Malam ya daɗe yana kallon jakin. Can ya cire hula ya shafa sumar da ta taru.

"Ka zo da yamma ka yi mini aski," ya ce. "Ba na yi huɗubar ƙarshe da wannan kan ba."