Ƴar Fari a Bakin Gado

Sa'adatu ita ce ƴar farin Inna Delu, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin uwar ta kama sunanta ba. Gwaggonta ce ta yaye ta, ta riƙe ta a Tawa har ta aurar da ita. In ta zo Yamai ganin gida, daga bakin ƙofa take gaisuwa, Inna na amsawa tana kallon wani wuri. Kunya ce irin ta mutanen da, kowa ya sani. Sa'adatu ma ta sani, amma abin bai daina yi mata ciwo ba.

Da ciwon zuciya ya kwantar da Inna a asibiti, babu mai zaman jinya sai ita. Ƙaninta Nassirou direban babbar mota ne, yana kan hanyar Kwatano. Autarsu Raliya kuma tana jego a unguwar Banifandou. Sa'adatu ta bar yaranta, Halimatou da ƙaninta, wajen uwar mijinta, ta zo ta shimfiɗa tabarma gefen gadon.

Aikin bai dame ta ba: goge jiki da ruwan ɗumi, juya mara lafiya, kiran likita in ƙarin ruwa ya kusa ƙarewa. Shirun ne ya yi mata nauyi. Allah ya sa a gadon kusa akwai wata tsohuwa Bazabarma da ƴarta Hadiyya ke jinya, sai magana ta koma bi ta bakin Hadiyya.

"Hadiyya, ce wa waccan ta fita ta nemi abin da za ta ci," in ji Inna.

"Ce mata na ƙoshi," in ji Sa'adatu.

"Ta ce ta ƙoshi, Inna," Hadiyya ta faɗa tana ƙunshe dariya, alhali gwiwar Sa'adatu na taɓa ƙarfen gadon.

Ranar Juma'a da hantsi aka sallami uwar Hadiyya, suka tafi. Bayan azahar numfashin Inna ya fara sarƙewa. Likita ya ce a ɗaga ta zaune, a tallafe ta. Sa'adatu ta hau gadon ta zauna a bayanta, ta jingina ta a ƙirji. Ta yi mamakin rashin nauyinta. Suka daɗe a haka har numfashin ya daidaita.

"Kitson nan ya tsufa," Inna ta ce wa bango. Can ta ƙara, "Ko kin iya?"

Sa'adatu ta ɗauko mataji ta fara tsifa. Da yake ba sa ganin fuskar juna, sai bakin Inna ya buɗe.

"Halimatou ta daina tarin nan?"

"Ta daina, Inna."

"Ƙaramin fa, har yanzu da hagu yake ci? Ku ƙyale shi. Babana ma haka yake."

Sa'adatu ta tsaya da tsifar. Ba ta taɓa gaya mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta so ta tambayi wajen wa take ji, amma ta ji tsoron kada maganar ta tsinke, sai ta ci gaba da raba furfurar a hankali.

Inna ba ta warke sarai ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, amma za ta iya komawa gida da magani. Nassirou ya iso ya kwashe su a taksi zuwa gidan Raliya. A hanya Inna ta yi barci, kanta a kafaɗar Sa'adatu, ita kuwa ta roƙi mai taksin ya bi ramukan a hankali.