Ƙarar da ke cikin salansar Paulina

Paulina nas ce a wani ƙaramin asibitin mishan a Kagoro, kuma tun rasuwar mijinta ita ke tuƙa tsohuwar fijonsa. A daminar 1992, makonni kaɗan bayan rikicin da ya girgiza yankin, motar ta fara wata irin ƙara. Da fari feɗuwa ce siririya daga ƙarƙashi, sai wani ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani. Daga baya, duk lokacin da ta ɗage ƙafa daga totur, sai salansa ta buga tau.

A lokacin babu wanda ke son jin irin wannan ƙarar. Ranar wata Laraba tana wucewa ta Madakiya motar ta buga sau biyu a gefen kasuwa. Mata suka watsar da tiren gyaɗa suka ruga, wani dattijo ya fito daga bayan rumfa da adda a hannu. Abin da ya fi tsaya mata a rai wasu maza biyu ne da ba su gudu ba. Suka miƙe daga benci suna kallon motar, ɗaya ya nuna wa ɗayan lambarta.

Ba ta koma gida ba, ta zarce Kafanchan, garejin Uzochukwu da ke bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. A garin aka haife shi, kuma shi ke duba motar tun mijinta na da rai. Ya sa ta tayar da injin, ya toshe bakin salansa da tsumma, ya durƙusa yana bin bututun da kunne. Feɗuwar ta ƙaru a wajen tukunyar salansa. Ya ce akwai huda a nan, iska na shiga ta haɗu da man da bai ƙone ba, shi ke kawo bugun. Ƙaras-ƙaras ɗin ne bai gane ba tukuna.

Suka hau da motar kan rami, ya shiga da tocila. Ya daɗe yana haskawa. Da ya fito sai ya tambaye ta wa ya taɓa gyara wurin, don ya ga ragowar waya da guntun gwangwanin madara da aka ɗaure hudar da su, ruwa da gargada suka cinye. Ta ce ba ta kai motar wurin kowa ba.

Ya kwance tukunyar, ya yanka ta, ya girgiza. Wani guntun rodi kamar kan yatsa ya faɗo ƙasa, irin wanda maharba ke ɗura wa bindigar gargajiya. Uzochukwu ya waiga ko akwai mai kallo, sannan ya taka shi da ƙafa.

"Sista, wannan ba tsatsa ba ne," ya ce a hankali. "Harbin motan nan aka yi. Wa ka ba shi kwanan nan?"

Ta tuna. A makon rikicin ƙanen mijinta, Celestine, ya ari motar kwana biyu, ya ce citta zai kai wa wani mai saye. Ya dawo da ita a wanke tas, har ƙarƙashi.

Uzochukwu ya yi wa tukunyar walda, ya canja gasket ɗin haɗin bututu, ya mayar. Injin ya koma shiru sumul. Ya naɗe guntun ƙarfen a takarda ya ba ta, ya ce shi bai ga komai ba.

Da la'asar ta sami Celestine a gonarsa yana huɗa. Ta buɗe takardar a gabansa. Ya ajiye garma ya zauna a kan kunya, ya gaya mata gaskiya. Ba citta ya ɗauka ba. Mijinyawa, Bahaushen da ke sayen cittarsa shekara goma sha biyu, shi ya ɗauko daga wani ƙauye da matarsa da 'ya'ya uku, ya kwantar da su a baya ya rufe da buhuna. A wata mararraba samari suka tare hanya da kututture. Ya bi ta gefe, suka harbi motar daga baya. Biyu daga cikinsu tare suka yi firamare da shi.

"Sun ga fuskarka?" ta tambaya.

"Ban sani ba, matar yaya. Motar dai sun gan ta."

Ta ba shi labarin mazan Madakiya. Ya tambayi kamanninsu, ta kwatanta, bai ce ya san su ba, bai kuma ce bai san su ba. Ya ɗauki garmar ya koma huɗa.

Kafin ƙarshen makon Celestine ya bar gonar ga maƙwabcinsa ya tafi Jos wurin 'yar'uwarsa. Paulina ta kulle motar a harabar asibiti, ta rufe ta da tampol, ta koma hawa babur zuwa aiki. Bayan kwana tara mai gadi ya gaya mata wasu maza biyu sun zo da rana, sun ce suna son sayen fijon, sun ɗaga tampol sun leƙa ƙarƙashi. Da ya nemi sunayensu, suka ce za su dawo idan mai ita tana nan.